Da kafata na shiga asibiti, ashe jijiya ce ta toshe a kwakwalwata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ba mutum bane mai son bada labarin ciwo, amma wannan kam naga ya zama dole in fada, saboda duk wanda nace masa nayi shanyewar barin jiki sai ya kalle ni sama da kasa yace kai din? To ni din dai. Ban fadi ba, bakina bai karkace yadda kowa zai gani ba, hannuna bai mutu ba, da kafata na shiga mota kuma da kafata na sauka a kofar imajansi. Amma a daidai wannan lokacin akwai wata jijiyar jini a bangaren hagu na kwakwalwata da gudan jini ya toshe, kuma naman da take shayarwa yana ta mutuwa a hankali. Abin ya faru a 2025, ina da shekara 54, aikina akanta ne.

Rabin labarin nan ba daga kaina na samo shi ba, maidakina da babbar 'yata da kanina ne suka cike min gurbin daga baya, don akwai awannin da ina gani ina ji amma ba na fahimtar komai.

Ranar hutu ce da rana, ina falo muna waya da kanina kan wata magana ta gida. Muna cikin magana kawai sai naji muryarsa ta koma wani iri, ina jin sautin sarai, na san muryarsa ce, na san ma yana tambayata wani abu ne saboda yadda karshen maganar ke dagawa, amma kalma ko daya bata shiga kaina. Na dauka sabis ne. Na cire wayar daga kunne na duba na mayar, ina ce masa ya sake fada ban ji ba, wato a tunanina abin da nake cewa kenan. Shi kuma abin da yake ji daban, yace magana nake zubawa tiryan-tiryan ba gargada, da muryata ta kullum har da dariya, amma kalmomin ba su hadu da juna ba, wasu ma babu su a duniya. Yace sau uku yana cewa Yaya me kake fada ne, Yaya lafiya kuwa, daga nan ya kashe ya kira maidakina.

Ta fito ta same ni a tsaye ina danna waya. Tace Abban yara me ya faru, na juyo na amsa mata da wannan shirmen, kuma wai har haushi nake ji don na ga sun tsaya suna kallona kamar ba su gane ba. Wannan shine abin da yafi bani tsoro idan na tuna, ni a cikina ban san akwai matsala a bakina ba, gani nake su ne suka rikice. Ita ta fara zaton ko suga ne ya sauka ko gajiya ce, har makwabcinmu da ya shigo yace a barni in kwanta in huta zuwa yamma a gani. Ban ga laifinsa ba, mutum yana tsaye garau yana daga hannu biyu, wa zai kawo shanyewar jiki a ransa. 'Yata ce ta kafe, tace Umma wannan ba gajiya bace, mutum ba ya manta magana don ya gaji, mu tafi asibiti yanzu. Kuma tayi wani abu da har gobe nake sa mata albarka akai, ta karbi wayata ta duba lokacin da kiran ya shiga, 2:10, ta tambayi kawunta minti nawa muka yi ina magana daidai kafin abin ya canza, yace bai fi minti biyar ba. Ta rubuta a bayan hannunta da biro.

Da muka isa, tambayar farko da nas tayi kenan, yaushe ne karshen ganinsa lafiya. Ba yaushe kuka lura ba, yaushe ne karshen lokacin da wani ya tabbatar kalau yake. 'Yata ta mika hannu kawai. Daga baya likita ta gaya min cewa mutane da yawa suna rasa allurar narkar da gudan jini ne saboda babu wanda zai iya fadin wannan lokacin, domin ka'idar allurar shine a yi ta cikin awa 4 da rabi daga fara ciwon.

Suka soki yatsana suka ga suga daidai yake, don saukar suga yana iya kwaikwayon wannan ciwon sak. Sai wani matashin likita ya fara gwada ni. Wannan na tuna shi da idona: ya daga biro yana nuna min yana magana, na gane so yake in yi wani abu da biron, sai na mika hannu zan karba. Ya nuna agogonsa, na kalli agogon na kalle shi. Ashe sunan abin yake so in fada. Yace in rufe ido, ban rufe ba, sai da ya rufe nasa na kwaikwaya. Ya rika wasa da yatsunsa ta gefen fuskata, na hagu ina waigawa, na dama ta sama ko kyaftawa ba na yi, wato wani yanki na ganina ma ya tafi ban sani ba. Akwai ma'aunin da suke bada maki da shi mai suna NIHSS, daga 0 zuwa 42, ni 6 na samu. A takarda 6 kamar karamin abu ne, amma ga wanda da baki da lissafi yake ciyar da iyalinsa wallahi ba karami bane, kuma Allah ya sa likitocin ma haka suka kalle shi.

Aka tura ni dakin hoto. Hoton farko na cikin kai, wanda suke kira siti (CT), bai nuna komai ba, kuma nan ne iyalina suka fara murna wai kwakwalwa lafiya lau. Ashe ba haka abin yake ba. Aikin wannan hoton na farko shine ya nuna ko jini ne ya fashe ya zuba, don shanyewar jiki iri biyu ce, ta toshewa wadda ita ce kusan 85 cikin 100, da ta fashewar jijiya, kuma maganin daya guba ne ga daya. A awannin farko toshewa sau da yawa bata fitowa a wannan hoton. Sai aka sake wani hoton bayan an dura min wani ruwa ta jijiyar hannu mai sa hanyoyin jini su haska, na tuna dumin da naji ya ratsa jikina gaba daya har na zabura. Wanda ya fara dubawa yace manyan jijiyoyi duk a bude suke. Nan ma gaskiya ya fada.

Babbar likitar jijiyoyi da kwakwalwa ce tace a'a, alamun mutumin nan sun nuna wuri guda, bari in sake kallo. 'Yata tana tsaye a bakin kofa tana hango ta, tace ta dade tana gaba tana baya da hoton a kwamfuta, tana gwada hagu da dama, har ta dora yatsa a wani wuri ta kira sauran. Wani reshe ne da ya kamata ya cigaba ya nufi wajen saman kunne ta baya, a dama yana nan, a hagu ya tafi ya tsaya cak.

Bayan na samu sauki na roke ta tayi min bayani, ta zana min a takarda. Tace hanyoyin jinin kwakwalwa kamar bishiya ne, akwai gindi da manyan rassa, akwai matsakaitan rassa, sannan kananan tsinke. Manyan su ne irin jijiyar da ta taso ta wuya, da ta bayan kai, da farkon jijiyar tsakiyar kwakwalwa da suke kira M1, idan daya daga cikinsu ta toshe shine zaka ga mutum ya zube, barin jiki ya mutu, ido ya karkata gefe guda. Matsakaitan su ne M2 da M3 a tsakiya, A2 da A3 ta gaba, P2 da P3 ta baya, fadinsu bai wuce milimita 2 ba, wasu ma ba su kai milimita 1 ba, ga lankwasa ga yawa, shi yasa ido ke tsallake su a hoto idan ba an san inda ake nema ba. Kuma ba wai ba a cika samunsu bane, tace tsakanin 25 zuwa 40 cikin 100 na shanyewar jiki ta toshewa a irin wadannan rassan take faruwa. Nawa ya tsaya ne can cikin reshen M2 na kasa, wanda ke shayar da wurin da mutum ke fahimtar magana, shi yasa hannu da kafa suka tsira.

To a koma daren, ko ince yammacin. Jinina ya hau sama da 190, kuma ba a yin allurar sai an sauko da shi kasa da 185 bisa 110, sai da suka bani magani ta jijiya ya sauka. Suka jero wa maidakina tambayoyi, an yi masa tiyata kwanan nan, yana shan maganin tsinka jini, ya taba zubar jini a kwakwalwa ko a ciki, ya bugu a kai. Duk tace a'a. Likitar tace mata Hajiya zan gaya miki gaskiya, allurar nan tana iya narkar da gudan jinin, kuma tana iya jawo zubar jini a kwakwalwa, a babban binciken da aka yi a Amurka a 1995 kusan mutum 6 cikin 100 hakan ta same su, amma duk da haka wadanda aka yi wa sun fi warkewa. Maidakina tace hannunta rawa yake har sa hannun nata bai yi kama da nata ba. Tace ta kalle ni ko zan ce wani abu, ni kuwa ina ta murmushi ina zuba surutun da ba kai. Alteplase aka yi min, ana auna shi da nauyin mutum, a tura kashi 10 cikin 100 lokaci guda sauran kuma ya shiga a hankali cikin awa daya. Yanzu wurare da yawa sun koma wani dan uwansa tenecteplase da ake turawa sau daya. An fara min tun ba a cika awa uku da fara ciwon ba.

Nan kanina ya iso, kuma nan aka dan yi sa-in-sa. Shi ya taba jin labarin aikin da ake zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu a bi har kwakwalwa a zaro gudan jinin, sai yace Dakta tunda kun ga inda yake me zai hana a shiga a ciro shi kawai, in wani abu ake bukata a fada mana. Likitar bata ji haushi ba, ta zaunar da shi. Tace aikin nan gaskiya ne yana ceton rai, tun 2015 da binciken MR CLEAN na kasar Holan da wasu guda hudu suka fito aka tabbatar da amfaninsa a toshewar manyan jijiyoyi, a 2018 ma aka gano wasu marasa lafiyan za a iya yi musu har zuwa awa 24. Saboda haka likitoci da yawa sun dauka a matsakaitan ma haka zai kasance, har an fara yi. Sai a watan Fabrairun 2025 sakamakon manyan bincike biyu ya fito, ESCAPE-MeVO da aka jagoranta daga Kalgari ta Kanada mai mutum 530, da DISTAL daga Basel ta Suwizalan mai mutum 543, duka biyun suka nuna zaro gudan jinin bai kara wa masu irin toshewata komai ba akan magani kadai. A na Kanadan, wadanda suka warke sosai bayan kwana 90 kusan 42 cikin 100 ne a bangaren da aka yi wa aikin, 43 a bangaren da ba a yi wa ba, mutuwa kuma ta fi yawa a wadanda aka yi wa, kusan 13 cikin 100 akan 8. Jijiyoyin sirara ne, bangonsu ba kauri, kafin a kai bututu can an ja an murda, ana iya huda su ko a fasa gudan ya kara gaba. Tace da ace a bakin M2 ya tsaya kuma reshen ne ke daukar mafi yawan yankin, da sai mu zauna mu auna, amma nasa yayi nisa.

Kanina yace shiru yayi amma zuciyarsa bata kwanta ba, gani yake kamar an hana ni wani abu. Ni dai yau da hankalina nake cewa na gode wa Allah da ya hada ni da likitar da ta san lokacin da ake janye hannu. Mu marasa lafiya da danginmu mun fi son muga ana ta yin wani abu, babban aiki, dakin tiyata, sai muji kamar an fi kula da mu, alhali ba kullum hakan ke zama alheri ba.

Daren farko ba barci. Duk minti 15 nas zata zo ta auna jini ta haska min ido ta sa in daga hannu, daga baya ya koma duk rabin awa, sannan duk awa. Ko ruwa ba a bani ba sai da aka gwada hadiyata, don masu wannan ciwon suna iya shakewa abu ya wuce huhu. Can cikin dare naji nas tace daga hannunka Baba, kuma na daga, ba tare da ta nuna min ba. Ban san yadda zan kwatanta muku wannan ba. Kalma uku ce kacal amma ta shiga ta zauna, na gane ta. Kuka na fashe da shi, ita kuma ta rude ta dauka ciwon kai ne ya taso, don ciwon kai mai tsanani bayan allurar alama ce ta zubar jini, har ta kira likita.

Bayan awa 24 aka sake hoto aka ga ba jini, sannan aka fara bani asfirin. Hoton MRI ya nuna wani yanki karami da ya riga ya mutu, shi kam ba zai dawo ba, amma kewayensa da ke cikin hadari ya tsira. Likitar tace akwai lissafin da wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya fitar a 2006, cewa a toshewar babbar jijiya mutum na asarar kwayoyin kwakwalwa kusan miliyan 1.9 duk minti daya. Nawa bai kai wannan girman ba, amma da an bi shawarar in kwanta zuwa yamma, da lokacin allurar ya wuce.

A dakin da aka kwantar da mu na ga yadda ciwon nan ke da fuska da yawa. Wani dattijo a gadon kusa da ni, shi rabin ganinsa ne kawai ya dauke, yana ta karo da kofa ta gefe daya, ya dauka tabarau ne suka tsufa ya tafi wajen masu duba ido, sai bayan kwana biyu aka gano reshen baya ne ya toshe, lokacin ba abin da allura zata yi. Wani kuma kafa daya ce kawai ta ki daukarsa, hannu lafiya baki lafiya, nasa reshen gaba ne. Duk cikinmu ba wanda yayi irin faduwar da mutane suka sani.

Sai neman dalili, don gudan jini ba daga sama yake fadowa ba. Aka duba jijiyoyin wuyana ba wani cunkoso sosai, aka yi hoton zuciya, gwajin bugun zuciya na farko ma daidai ya fito. Sai suka manna min wata 'yar na'ura a kirji na tafi da ita gida na kwanaki, ita ce ta kamo cewa zuciyata takan rikice lokaci-lokaci, saman zuciyar ya rika karkarwa maimakon bugawa, jini ya kwanta a wani lungu ya daskare, wata rana ya balle ya bi hanya sai kwakwalwa. Ni ban taba jin alamar komai a kirjina ba. Wannan matsalar tana ninka hadarin shanyewar jiki kusan sau biyar, kuma asfirin bai isa ya tare ta ba, sai aka canza min zuwa wani maganin tsinka jini mai suna apixaban safe da yamma, irin wadannan magungunan suna rage hadarin da kusan kashi biyu cikin uku. Aka hada min da na hawan jini da na rage kitsen jini. Likitar ta ja kunnena sosai akan kar in tsallake apixaban din ko sau daya, don karfinsa baya dadewa a jiki.

Warkewar ita ce doguwar tafiya, kuma ita ce mutane basa gani. Fahimta ta dawo da sauri fiye da yadda aka zata, amma kalmomi suka rika min gardama. Ina so ince a miko min kofi sai ince a miko min kofa, ina so in kira sunan 'yata sai na kanwata ya fito, kuma yanzu ina jin kuskuren da kunnena, wanda ya fi ciwo akan lokacin da ban sani ba. Mai koyar da magana tana zuwa da katunan hotuna, ni da nake rufe lissafin shekara na ma'aikata guda ga ni zaune ana nuna min hoton kujera ana jira. Akwai ranar da na kife katunan nace na gaji, ta kyale ni na huce sannan tace Malam kwakwalwa tana gina sabuwar hanya ne, kuma watannin farko su ne ta fi saurin ginawa, in ka bari yanzu ka bar lokacin da ya fi tsada. Muka cigaba. Maidakina ta koyi yi min magana a gajarce, jimla daya ta tsaya, ta kashe talabijin kafin ta fara, kuma ta hana yara karasa min kalma idan na makale sai in na nema.

Har yanzu in mutane sun yi yawa kowa na magana, sai zancen ya cakude min in koma gefe in yi shiru, wasu su dauka girman kai ne ko fushi. Ga wata irin gajiya da ke sauko min da rana wadda barci baya maganinta. Akwai kuma lokacin da bakin ciki ya danne ni sosai ba na son ganin kowa, na fada wa likita, tace wannan ma yana cikin ciwon ga mutane da yawa kuma ana maganinsa, ta hada ni da wanda ya dace. Lambobi kam Alhamdulillah ba su gudu ba, na koma ofis rabin rana, in za a bani umarni mai tsawo nakan ce a rubuto min.

Na tambaye ta ko nan gaba za a samu hanyar ciro irin gudan jinin da ya same ni ba tare da hadari ba, tace ana kan bincike da kananan kayan aiki da kuma zuba maganin narkarwa kai tsaye a cikin jijiyar, amma a lokacin abin da ke hannu shine allura akan lokaci da ido mai kyau a wajen duba hoto. Tuki kuwa an dakatar da ni saboda yankin ganin nan na dama ta sama bai gama dawowa ba, 'yata ce ke kai ni aiki. Wata mai zuwa zan koma a sake auna fadin ganina, sakamakon ne zai nuna ko za a bar ni in koma kan sitiyari.